Jiragen Ruwa na Roba: Daga Buhun Leda Zuwa Akwatin Gilashi

Matajin kai ne ya buɗe wa sana'armu ƙofa. Wani ɗan kasuwa mutumin Hangari, Nicholas Kove, ya kafa kamfanin Airfix a Landan a 1939 yana yin kayan wasa na roba. Bayan yaƙin duniya na biyu ya samo injin da ke narka roba ya ɗura ta cikin mazubin ƙarfe, ya shiga zubo mataji yana sayarwa. A 1949 aka ba shi kwangilar yin ƙaramin samfurin taraktan Ferguson don talla, daga baya aka ga sayar da shi gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da kansa, ya fi sauƙin kuɗi. A farkon shekarun 1950 kantin Woolworths ya nemi a yi masa jirgin ruwa mai filafilai, irin masu tafiya da iska, wanda zai sayar a kan sule biyu, fataka ke nan. Kuɗin bai kai na kwali ba, sai aka zuba gutattsarin a buhun leda, aka maƙala takarda a bakinsa, hoto a waje, umarni a ciki. Jirgin shi ne Golden Hind, wanda Francis Drake ya kewaya duniya da shi tsakanin 1577 da 1580.

Kafin wannan rana, samfurin jirgi kayan manya ne. Masarawan dauri sun binne shi tare da sarakunansu da fadawansu. A ƙarni na 17 hukumar sojan ruwan Ingila tana da gwanayen da ke sassaƙa shi da itace mai tsada. Fursunonin Faransa da aka tsare a Ingila lokacin yaƙe-yaƙen Napoleon kuwa da ƙashin naman da aka ba su suke yi, su sayar su sami na taba. Duk wanda ya so nasa, sai ya iya sassaƙa, ya iya karanta zanen magina, ya kuma sami shekara ɗaya ko biyu da zai ba aikin. Roba ta zo ta ɗauke wa mutane mafi wuyar sassaƙar, wato gangar jikin jirgi, wadda babu layi ɗaya miƙaƙƙe a cikinta. Ɓari biyu ne, ka shafa gam, ka matse, ka ɗaure da roba mai talewa, gobe ka tashi da jirgi.

Amurkawa ne suka ƙara wa abin girma. Revell, kamfanin Lewis Glaser a Kalifoniya, ya fitar da Cutty Sark a 1959 a ma'aunin 1/96, tsawonsa wajen ƙafa uku. Lokacin ya dace, domin shekara biyu kafin nan Sarauniya Elizabeth ta buɗe jirgin na ainihi ga masu ziyara a Greenwich, sunansa yana bakin kowa. A 1965 suka biyo da USS Constitution a ma'auni ɗaya, har da benen igwogi na ciki da ɗakin kyaftin wanda ba mai ganinsa sai ya leƙa ta taga. Waɗannan biyun su ne makarantar da yawancinmu muka shiga, har waɗanda aka haifa bayan an sassaƙa mazubansu da shekara talatin. Airfix ma bai zauna ba, ya jero Victory da Cutty Sark da Endeavour da Bounty da Vasa, a kwalaye masu zanen teku yana tumbatsa, irin zanen da ke sa yaro ya ƙi barin kanti.

Akwai abin da ba a faɗa wa mai saye a wancan zamani. Mazubin ƙarfe tsada gare shi ƙwarai, kamfani kuwa yana son ya ci moriyarsa sau biyu ko uku. Sai a ɗauki Cutty Sark a sauya 'yan gutattsari, a zuba gangar da roba mai launin kore, a kira shi Thermopylae, alhali Thermopylae jirgi ne dabam, an gina shi a Aberdeen a 1868, shi kuwa Cutty Sark a Dumbarton a 1869, kuma abokan gasa ne a jigilar ganyen shayi daga Sin. Haka Bounty ya koma Beagle, jirgin da Charles Darwin ya yi tafiyarsa a ciki. Wani abin kuma da ba a faɗa, wasu jiragen babu zanensu ko ɗaya da ya tsira. Golden Hind da Santa Maria da Mayflower duk kintace ne na masana, kowane kamfani da nasa. Ban ga laifin kintace ba, muddin mai haɗawa ya san abin da ke hannunsa.

Faransawa suka kai abin ƙololuwa. Heller, wanda Léo Jahiel ya kafa a 1957, ya fitar da Soleil Royal da Victory a shekarun 1970, duka a ma'aunin 1/100, kowanne gutattsarinsa sun haura dubu biyu, tsawon Victory ya wuce mita ɗaya. Soleil Royal jirgin Sarki Louis na 14 ne, an ƙone shi a Cherbourg a 1692, kuma adon bayansa na gumaka da furanni aiki ne da masassaƙi zai shafe watanni a kai. A nan roba ta nuna iyakar gwanintarta. Har yau in aka tambayi tsofaffin hannu wanne ne sarkin jiragen roba, ɗaya daga cikin biyun nan za su ambata, su kuma ƙara da cewa kwalayen da aka buɗe aka watsar a kan kabad sun fi waɗanda aka gama yawa nesa ba kusa ba.

Dalilin watsarwar igiya ce. Inji yana zubo ganga da igwa da anga, amma ba ya ɗaura igiya, jirgi mai filafilai kuwa rabinsa igiya ne. Dubi waɗanda ke riƙe da jigo daga gefe da gefe, da ƙananan da ke gitta su su zama tsanin da matuƙa ke hawa. Kamfanoni sun gwada dabaru iri-iri. Wasu suka zubo tsanin da roba, ya fito da kauri kamar ƙyauren ƙarfe. Wasu suka ba da zare mai rufin roba a saƙe, a yanka a liƙa. Heller ya sa ɗan allon saƙa a cikin kwali. Babu wadda ta gamsar. Wanda yake son abu mai kyau yana komawa hanyar masu haɗa jirgi da katako ne: ya kafa igiyoyin tsaye bibbiyu, ya fara da ɓangaren dama, ya sa farar takarda mai layuka a bayansu don tazara ta daidaita, sannan ya ɗauki hantsaki ya ƙulla kowane mataki a kan kowace igiya, ƙulli bayan ƙulli, dubbai a babban jirgi. Zaren sai an ja shi ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta, in ba haka ba ƙura ta sami wurin zama. In ka ja da ƙarfi, igiyoyin tsaye su tsuke a tsakiya. In ka sassauta, matakan su yi lilo. Ga kuma jigon roba, wanda ba ya jure ja: siririn samansa yana lanƙwashewa a hankali, wata shida bayan ka gama sai ka ga jirgi ya sunkuyar da kai. Shi ya sa aka koyi cusa sandar tagulla cikin ƙananan jigaye masu rami, a kuma maye na sama da itace.

Filafilan da ke zuwa a kwali su ma tsohuwar rigima ce. Siririyar roba ce da aka gasa aka tsotse a kan mazubi, a kumbure kamar iska na bugawa. Wasu suna son su. Ni ina cikin masu jefar da su, domin nauyinsu yana jan igiya, kuma suna rufe aikin da aka sha wahalarsa. Jirgi tsirara da igiyoyinsa, ko da filafilai a naɗe na siririyar takarda, ya fi kama da gaskiya.

Daga 1973 abubuwa suka fara juyawa. Tsadar man fetur ta taɓa roba, yara suka koma wasannin talabijin da kwamfuta, Airfix ya durƙushe a 1981. Ya bi hannu-hannu, ta wajen Humbrol mai fenti, har Hornby ya saye shi a 2006. Revell ya haɗe da Monogram a 1986. Imai na Japan, wanda masu sani ke yaba wa tsabtar aikinsa, ya rufe, Aoshima ya gaji wasu mazubansa. Tankoki da jiragen sama sun farfaɗo, ana ta sassaƙa musu sababbin mazubai kowace shekara. Mu namu sai jefi-jefi, daga Zvezda na Rasha ko Revell na Jamus. Galibin abin da ke kasuwa yau tsofaffin mazuban nan ne na shekarun 1950 zuwa 1970 a cikin sabon kwali, kuma tsufa ya nuna: roba tana tsattsafowa ta bakin mazubi, zanen katakon bene yana dushewa, sai ka kankare kowane guntu kafin ya shiga mazauninsa. Saboda haka ne masu tarawa ke farautar bugun farko.

Mazubi ya tsaya cak, ilimi kuwa bai tsaya ba, kuma a ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Vasa, jirgin Suwidin da ya nutse a tashar Stockholm ranar fitarsa ta farko a 1628, an tsamo shi a 1961. Shekaru ana fenta samfurinsa da shuɗi da ruwan zinariya, sai binciken ɓurɓushin fenti a jikin katakon ya nuna ja ne, gumakansa kuma launi-launi. Victory, wanda Nelson, kwamandan sojan ruwan Ingila, ya mutu a kansa a yaƙin Trafalgar a 1805, kowa ya san shi da baƙi da rawaya mai kauri, har 2015 da masu kula da shi a Portsmouth suka sake masa fenti mai haske wanda ke ɗan karkata zuwa ruwan hoda, bisa abin da suka tono ƙarƙashin tsofaffin fentin. An yi ta musu a kai, wasu har yau ba su yarda ba. Mai haɗa jirgi a yanzu yana buɗe kwali ne da littafi a gefe, musamman The Anatomy of Nelson's Ships na C. Nepean Longridge, wanda ya fito a 1955, ya gyara abin da kamfani ya tsallake. Ƙananan masana'antu suka taso don wannan: benen katako da aka yanka da hasken lesa, adon tagulla siriri kamar takarda, gargaren igiya da injin buga abubuwa ke fitarwa. Sau da yawa kuɗin ƙarin ya ninka na kwalin. Masu katako da suka daɗe suna yi mana kallon 'yan wasan yara sun rage baki, tunda daga bene zuwa sama aikinmu da nasu ɗaya ne.

Saura girkawa, wadda sabon shiga ke barin ta ƙarshe alhali ita ce ta farko. 'Yar shimfiɗar roba da ke zuwa a kwali ba ta riƙe jirgi, ɗora shi kawai take yi, gwiwar hannu ɗaya ta isa ta kifar da aikin shekara biyu. Hanyar da aka gada daga gidajen tarihi ita ce ginshiƙan tagulla biyu a kan allon katako. Tun ɓarin gangar biyu ba su haɗu ba ake huda ƙashin bayan jirgin a wuri biyu, a dasa noti daga ciki, a kewaye shi da guntun katako da gam mai ƙarfi don kada ya juya. Bayan an rufe ganga babu hannun da zai sake shiga. Ƙusa mai zare tana tasowa daga ƙarƙashin allo, ta ratsa ginshiƙi, ta kama notin. Jiragen da suka fi nitsewa ta baya sai a rage tsawon ginshiƙin baya, don layin ruwa ya kwanta daidai da allo. Wasu kuma suna yanke gangar a layin ruwa su dasa ta cikin tekun da aka yi da gam mai ƙyalli, kuma a nan kaɗai nake ganin filafilai a buɗe suna da ma'ana.

Ga mai karatu da ke sha'awar farawa a ƙasashenmu, kada ya fara da Victory. Ya nemi ƙaramin jirgi mai jigo ɗaya ko biyu ya gama shi tukuna. Ya nisanta shi da taga, domin rana tana cin fenti, zafi kuma yana lanƙwasa roba. Ya kuma sa kuɗin akwatin gilashi cikin lissafi tun ranar da ya sayi kwali, ya kai wa mai yankan gilashi awon da ya bar tazarar yatsu uku ko huɗu ta kowane gefe. Ƙurar hunturu guda ɗaya ta isa ta lulluɓe igiyoyin, kuma babu tsumman da zai goge su ba tare da ya tsinka ba.