Mai Shari'a Mamman Nasir da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya

 Mu da muke aikin gwamnati, kullum idonmu yana kan ƙarin girma, kuma in aka mayar da ɗayanmu wani ofis da ya ga bai kai nasa ba, sai ya ce an ci mutuncinsa. Wannan ne ya sa na ga ya dace in tuna mana tarihin marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir.

An haife shi a shekarar 1929 a ƙasar Katsina. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta zama Barewa, sannan ya tafi Ingila, inda ya zama lauya a 1955. Ya riƙe muƙamin Ministan Shari'a na Jihar Arewa a gwamnatin Sardauna daga 1961 zuwa 1966. A 1975 aka naɗa shi alƙali a Kotun Ƙoli.

To, tun da Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963 aka daina kai ƙara Ingila, sai nauyin ya komo kan Kotun Ƙoli, shari'u suka yi mata yawa. Don haka a 1976 gwamnatin soja ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, domin ta tsaya tsakanin manyan kotuna da Kotun Ƙoli. Shugabanta na farko, Mai Shari'a Dan Ibekwe, ya rasu a 1978, kotun tana da shekara biyu kacal.

A nan ne Mamman Nasir ya baro kujerarsa ta Kotun Ƙoli, ya karɓi shugabancin kotun da ke ƙasa da ita, alhali ya san abokan aikinsa na jiya suna da ikon soke hukuncinsa. Shekara 14 ya yi a kan wannan aiki, mulkin soja da na farar hula suna zuwa suna wucewa, har kotun ta zauna da gindinta. Da ya yi ritaya a 1992, aka naɗa shi Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 2019.

Ashe ba tsawon kujera ke ɗaukaka ma'aikaci ba, abin da ya gina a kanta ne. Duk wanda takardar canjin wurin aiki ta iske shi a cikinmu, ya tuna da Galadima kafin ya fara neman wanda zai sa masa baki. Allah ya jiƙansa, amin.