Ramin da Ke Haɗiye Surutun Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kula da sabar Linux ya san wutsiyar nan da ake liƙa wa umarni: >/dev/null 2>&1. Da yawa kwafarta kawai suke yi daga rubutun wani, ba su san inda aka haife ta ba.

A Bell Labs aka haife ta, a Murray Hill ta jihar New Jersey, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix a 1969. A lokacin ƙofa ɗaya manhaja take da ita ta magana, sakamako da ƙorafi duk ta nan suke fita. Da Doug McIlroy ya matsa lamba aka samar da bututu a 1973, wato hanyar zuba abin da wata manhaja ta fitar cikin ta gaba, sai aka ga illar haka. Masu binciken suna da injin ɗab'i mai buga rubutu a kan takardar hoto, wadda sai an wanke ta kafin a ga abin da ya fito. Sai a gama wanki a tarar saƙon kuskure ne injin ya buga, tsaf, da kyawawan haruffa. Shi ya sa Ritchie ya ware wa ƙorafi tasa ƙofar, mai lamba 2, aka bar wa sakamako lamba 1.

Shell ɗin Stephen Bourne, wanda ya fito tare da Unix na bakwai a 1979, shi ya ba mutane ikon juya ƙofofin yadda suke so. /dev/null kuwa rami ne, abin da aka jefa masa ya tafi ke nan. Masu sa aiki a cron, manhajar da ke gudanar da ayyuka a lokacin da aka tsara, sun fi kowa son shi, domin cron yana aika musu wasiƙa duk sanda aiki ya yi ko da tari ne. Sai suka toshe bakin duka biyun, har da ƙorafin da Ritchie ya ware don a ji shi.

Abin da ya rage shi ne lambar fita: sifili idan aiki ya yi kyau, wata lamba daga 1 zuwa 255 idan ya ɓaci. A kanta zaɓin shell na set -e ya dogara, yana tsayar da rubutun da zarar umarni ya gaza. Amma tsofaffin hannu ba su cika amince masa ba, kuma suna da gaskiya. Ba ya aiki cikin sharaɗin if ko while, yana kau da kai ga gazawar da ta zo kafin && ko ||, a bututu kuma umarnin ƙarshe kaɗai yake dubawa.

A Janairun 2015 masu amfani da Steam a Linux suka ga abin da rashin dubawa ke jawowa. Rubutun kamfanin Valve, mai Steam, yana da layi rm -rf "$STEAMROOT/"*, kuma idan STEAMROOT ya fito wayam, umarnin sai ya koma share duk fayil ɗin da mai kwamfutar ke da iko a kai, har da na faifan ajiya da ke jone.

Gyaran matsalar bututu ma ya daɗe a hanya. Zaɓin pipefail, mai sa a lura da gazawar kowane umarni a bututu, ya shiga shell ɗin Bash tun fitowa ta 3.0 a 2004, amma sai a 2024 ƙa'idar POSIX ta karɓe shi a hukumance.