Caɓɓal Waddi: Dutsen Da Ya Shigo Nijeriya Ta Akwatin Ƙuri'a

Maƙalar wannan mako za ta kai mu kudu maso gabashin Jihar Taraba, bakin iyakar Kamaru.

In aka yi zancen tafiyar ƙasa ta kwana da kwanaki a kan duwatsu, ja-gora a gaba, 'yan dako a baya, hankalin yawancinmu Kilimanjaro yake tafiya ko ƙasar Nefal, don su muke gani a talabijin. Alhali muna da irin wannan tafiya a gida. Dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mai mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda shi ne mafi girma a gandayen daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A taswira za ku ga an rubuta sunansa Chappal Waddi. Kalmar Fulatanci ce, caɓɓal, wato tudu mai shimfiɗa a sama inda ake kiwo. Turawan Ingila suka rubuta Chappal, Faransawa a Kamaru suka rubuta Tchabal, saboda babu harafin ɓ a bakinsu. Mu da muke da shi ba mu da uzurin bin su. Dutsen yana da wani suna kuma, Gangirwal, wanda ake fassarawa da dutsen mutuwa.

Ga yadda tafiyar take. Ofishin gandun yana garin Serti, kuma ba a shiga dajin sai da izini da rakiyar ma'aikacin gandu. Da rani ake zuwa, daga wajen Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna kan cika su datse hanya. Akwai gajeriyar hanya ta ɓangaren Mambila, amma doguwar, wadda ke tashi daga ƙauyen Gashaka, takan ci mako guda ko fiye. Ana farawa ne daga ƙasa cikin zafi, a ratsa kurmi mai duhu, a tsallake rafuka da ƙafa, a kwana bakin ruwa. Yankin ɓauna ne da gwanki da gwaggon biri da damisa, ga dorina da kada a Kogin Kam. Daga nan sai hawa. Bishiyoyi su yi ta raguwa har a fito fili fetal, ciyawa iya ganinka, da sanyin da sai an kwana da wuta. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne, bayan kwanaki a dajin da ya zaci babu kowa, sai ya ji kukan shanu, ya hango rugage da masallaci da yara suna kora maruƙa.

Wannan mamakin shi ne dalilin maƙalar. Hanyar ba don masu yawon buɗe ido aka tsaga ta ba. Sun same ta ne da sawun wasu a kai.

A ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, Fulani suka kafa daular Fombina, aka yi mata babban birni a Yola a 1841. Gashaka ta zama ɗaya daga cikin ƙananan masarautunta na kudu, 'yar uwar Konca da Banyo, waɗanda yau suke cikin Kamaru. Ta waɗannan garuruwa fataken Hausawa suke bi zuwa tuddan Bamenda sayen goro, su juyo da shi arewa. Ta nan kuma mahara suke hawa kan mutanen Mambila da sauran mazauna duwatsu su kamo bayi. Duka biyun tarihinmu ne, kuma marubucin da ya ɗauki goron ya bar bayin ya yi rabin aiki.

Sai Turawa suka zo da layinsu. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar birnin Yola a hannun Ingila, ta miƙa mafi yawan ƙasar Lamiɗo ga Jamus. Da haka Gashaka da duwatsunta suka zama yankin Kamaru ta Jamus. Har yau akwai kufan sansanin sojan Jamus a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka, kuma ja-gora kan kai baƙi su gani kafin a nausa daji. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin da Ingila ta kwaso daga Nijeriya, cikinsu har da Hausawa da yawa, suka kori Jamusawa daga yankin. A Nuwamban 1915 aka gwabza a dutsen Banyo, zuwa farkon 1916 kuma mulkin Jamus ya ƙare a Kamaru. Aka raba ƙasar tsakanin Faransa da Ingila. Rabon Ingila siririn yanki ne da ya bi iyakar Nijeriya, kuma ko da yake daga Nijeriya ake gudanar da shi, a doka ba Nijeriya ba ne. Riƙon amana ne, da farko a ƙarƙashin tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya, daga 1946 kuma a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ke nan ranar 1 ga Oktoban 1960, da aka ɗaga tutar Nijeriya a Legas, dutsen da muke alfahari da shi yau ba ya cikin ƙasar.

Sau biyu aka tambayi mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila inda suke so. A Nuwamban 1959 aka ba su zaɓi tsakanin shiga Jihar Arewa da ɗage maganar zuwa gaba. Suka zaɓi ɗagewa, abin da ya girgiza gwamnatin Kaduna, don ta ɗauka nasara a aljihunta take. Babban ƙorafin jama'a shi ne yadda hukumomin gargajiya na Yola da Dikwa suke mulkarsu, sai aka yi gaggawar ba su hukumomin kansu. A Fabrairun 1961 aka sake kaɗa ƙuri'a: 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Wani abu da ba a cika faɗa ba, a wannan zaɓe na biyu mata sun jefa ƙuri'a, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya a kan haka, alhali matan Kano da Sakkwato sai a shekarun 1970 suka sami wannan dama. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya shigo Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Kamaru ba ta yarda cikin daɗin rai ba, har ƙara ta kai Ingila Kotun Duniya, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan batun. Muna ta rubuta labaran soyayya a Abuja da Dubai, ga labarin tsohuwa mai jefa ƙuri'ar farko a rayuwarta don zaɓar ƙasa yana nan kwance.

To, su kuma rugagen kan tudu fa? Abin da ya ja makiyaya can sama a fili yake: sanyin wurin ya hana ƙudan tsando zama, don haka shanu sun tsira daga sammore, ga ciyawa da ruwa. Da gwamnatin Jihar Arewa Maso Gabas ta keɓe dajin don namun daji a 1972, ba ta tashi mutanen ba. Sai aka shata musu wasu wurare a tsakiyar gandun, kamar tsibirai, inda aka yarda su yi noma da kiwo bisa sharaɗi. Irin su ne Filinga da Sabere da Selbe da Gumti, da tudun Caɓɓal Hendu, wanda sunansa ke nufin tudun iska. Da gwamnatin tarayya ta haɗe Gashaka da Gumti ta mai da su gandun daji na ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Taraba, an bar wannan tsari yadda yake.

A ganinmu wannan shawara ce ta hankali, amma ba ta zo da sauƙi ba. Dabbar gida da ta dawa suna shan ruwa ɗaya, cutarsu ma ɗaya. Annobar bushiya ta 1983 da 1984, wadda ta karya makiyaya a faɗin Arewa, ta kashe ɓauna masu yawa a wannan daji. Shanu sun ƙaru, iyakokin da aka shata kuwa ba su ƙaru ba. Da rani garkuna kan gangaro kwari neman ciyawa, a cinna wa daji wuta don sabon tsiro, a yi ta sa-in-sa da masu gadi. A shekarun 2010 aka sami wata sabuwar masifa, saran madobiya, wadda 'yan katako suke kira madrid, ana lodinta zuwa Sin. Ga mafarauta, ga masu haƙar ma'adinai. An rasa rayukan ma'aikatan gandu a wannan fama.

Duk da haka dajin ya riƙe abin da wasu wurare suka rasa. Nan ne ɗaya daga cikin manyan mafakar birin cimfanzi na Nijeriya da Kamaru, wanda ya fi sauran danginsa ƙaranci a duniya. Daga shekarar 2000 masu bincike ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na wata jami'a a Landan suka kafa sansani a Kwano, suka gano cewa birran nan suna gyara tsinke su zaƙulo zuma daga rami, su kuma kamo kwarkwasa da shi. Waɗanda suka nuna wa masanan inda za su duba 'yan ƙauyukan ne, wasunsu tsofaffin mafarauta.

Su ne dai har yau ja-gora da 'yan dako. Wanda ya ɗauki jakarka ya san wane rafi ne ba ya ƙafewa, da gidan wane jauro za a sauka a sami nono da wurin kwana, kuma kuɗin dakon da za ka ba shi yana cikin 'yan dalilan da za su sa ya ga amfanin ɓauna tana raye. A 2017 hukumar gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors don su gudanar da gandun tare, aka ɗauki sababbin masu gadi daga garuruwan yankin. Maganar ko shanu nawa tudun zai iya ɗauka, da wanda zai ƙidaya su, tana nan tsakanin hukuma da ardo-ardo.

A ƙwanƙolin dutsen, layin iyaka ya bi ta kan tudun ne. Wanda ya kai can yana iya tsayawa a Nijeriya ya ajiye jakarsa a Kamaru, kuma makiyayan da zai tarar a wurin suna da dangi a ɓangarorin biyu.