Tarihin Daidaita Ƙarfin Sauti a Rediyo da Faifai

Duk mai sauraron rediyo ko talabijin ya san yadda talla kan faɗo da ƙarar da ta fi ta shirin da ake yi, har mutum ya zabura ya rage murya. Tushen wannan matsala shi ne kunnen ɗan Adam ba ya jin sauti yadda na'ura ke auna shi.

A shekarar 1933 wasu masana biyu na Bell Labs a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne ya fi kama sauti matsakaici a kan mai kauri ƙwarai, ko da ƙarfinsu ɗaya ne. Duk da haka, shekaru da yawa masu aikin sauti sun fi kula da ƙololuwa, wato inda sautin ya fi tashi, don kada ya zarce iyaka ya gurɓace.

Bayan fitowar faifan CD a 1982, musamman a shekarun 1990, masu shirya waƙoƙi suka riƙa danne ƙololuwar, su ɗaga sauran sautin gaba ɗaya, domin waƙarsu ta fi ta kowa amo. Ta haka tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa ta ƙuntata, sauraro ya zama mai gajiyar da kunne. A 2008 masu saye da dama suka koka da kundin Death Magnetic na ƙungiyar Metallica saboda wannan dalili.

Gyara ya zo ne ta hanyar sauya abin da ake aunawa. A 2001 David Robinson ya gabatar da ReplayGain, wanda ke ƙiyasta ƙarar waƙa bisa yadda kunne ke jin ta. A 2006 Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar BS.1770. A 2010 Ƙungiyar Gidajen Watsa Labarai ta Turai ta gina R128 a kanta, ta tsayar da -23 LUFS ga shiri tun daga farkonsa har ƙarshe. A shekarar dai Amurka ta kafa dokar CALM, wadda ta hana tallan talabijin fin shiri ƙara, ta fara aiki a Disambar 2012. Manhajar Spotify kuwa tana daidaita waƙoƙi a kan -14 LUFS.

Da wannan tsari ribar gasar ta ragu, domin waƙar da aka cika wa ƙara saukar da ita ake yi, ga shi ta riga ta rasa armashinta.

Ɗalibin da ke tara muryoyin masu magana da Hausa shi ma yana cin moriyar wannan tarihi. Daidaitawar ba ta taɓa karin sauti ko tsawon wasali, ƙarfin kawai take gyarawa, don haka yana iya kwatanta lafazin Bakano da na Badamagare ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba.