Daren da aka ɗage zaɓen 2019

Ranar Asabar ake zaɓe a ƙasar nan, amma ɗan kasuwar da ke Legas ko Fatakwal alhali rajistarsa na Kano, kwana ɗaya ba ya isarsa. A 2019 da yawa sun rufe shaguna, sun biya kuɗin mota, sun tafi gida. Kwatsam cikin dare, wayewar 16 ga Fabrairu, INEC ta ɗage zaɓen zuwa 23 ga wata, wai kayan aiki ba su kai ko'ina ba. Nan take APC da PDP suka hau zargin juna da shirya maguɗi.

Gwamnati ta ba da hutu ranar Juma'a 22 ga wata, sai dai hutun mai albashi ya amfana. Mai neman na yau, wanda guzurinsa ya ƙare, tuni ya koma bakin sana'arsa. Kusan kashi 35 cikin 100 na masu rajista ne kaɗai suka kaɗa ƙuri'a.