Yadda Aka Share Inuwa Daga Fuskar Waya

Duk wanda ya riƙi iPhone ta farko a 2007 zai tuna cewa kusan komai a cikinta kwaikwayon kayan duniya ne. Manhajar rubutu takarda ce rawaya mai layi-layi, maɓallai kuma sun kumburo suna sheƙi. A 2010 manhajar littattafai ta zo da kantar katako, ta wasanni kuma da koren ƙyallen teburin karta. Dabarar tsohuwa ce, tun Macintosh ta 1984, inda Susan Kare ta zana kwandon shara domin mai kwamfuta ya san inda zai jefa abin da ba ya so. Wanda bai taɓa latsa gilashi ba, dole a ja shi da abin da ya sani.

Salon da ya ture wannan ya girmi kwamfutar gida. A shekarun 1950 masu zanen fosta a Zurich da Basel na ƙasar Suwizalan, irin su Josef Müller-Brockmann, suka tsaya kan rubutu marar ado, launi kaɗan, da fili a bar shi fili. A can Max Miedinger ya zana haruffan Helvetica a 1957. Daga fosta salon ya hau allunan tashoshin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama, inda matafiyi mai sauri ke buƙatar ya gane hanya da kallo ɗaya.

Waɗannan allunan Microsoft ta duba. Kamfanin da ba a san shi da iya kwalliya ba shi ya riga kowa: ya gwada a na'urar kiɗa ta Zune, sannan a 2010 ya fito da Windows Phone 7, da murabba'ai masu launi ɗaya da manyan haruffa, ya kira salon Metro. Wayoyin ba su yi kasuwa ba, amma zanen ya shiga idon masu sana'ar.

A Apple sai da aka yi sauyin shugabanni. A Oktoban 2012 aka sanar da tafiyar Scott Forstall, mai kula da iOS, tsarin da ke tafiyar da iPhone, aka miƙa fasalin manhajoji ga Jony Ive. Da iOS 7 ta fito a Satumban 2013, katako da koren ƙyalle suka fara ɓacewa. Sauran kamfanoni suka bi sahu: Google ta sauƙaƙa tambarinta a 2015, Instagram ta yar da tsohuwar kyamarar da ke tambarinta a 2016.

Akwai dalilin da ya wuce sha'awa. Shafi ɗaya yanzu sai ya zauna a ƙaramar waya da babban allo, kuma hoton katako ba ya miƙewa ba tare da ya lalace ba, ga nauyi wajen buɗewa. Launi zalla kuwa ko ina ya dace.

Sai dai an yi asara. Inuwar nan da aka share ita ce ke gaya wa yatsa inda zai latsa. Wani binciken Nielsen Norman Group na 2017 ya nuna cewa mutane sun ɓata ƙarin kashi 22 cikin ɗari na lokaci a shafukan da alamun latsawa suka raunana. Masu zanen sun ɗauka kowa ya riga ya koya, alhali miliyoyin mutane, har da iyayenmu da yawa, bayan 2013 suka fara riƙe babbar waya. Sun iso aji an goge allo.

Google ta ɗan gyara tun 2014 da Material Design, ƙarƙashin Matías Duarte: shimfiɗaɗɗen zane ne, amma an bar inuwa kaɗan kamar takarda a kan takarda. Apple kuwa a 2025 ta fito da Liquid Glass, maɓallai suka koma sheƙi kamar gilashi.