Takardar da Ake Karantawa a Tsaye: Tarihin Fostar Bincike

Duk shekara, idan ƙungiyar masana kimiyyar ƙwaƙwalwa ta Amurka ta kira babban taronta, dubun-dubatar mutane ne ke hallara, amma mafi yawan binciken da suka zo da shi ba a kan mumbari ake jin sa ba. A wani makeken zaure ake jera alluna layi-layi, kowane allo da lambarsa, a kafe masa babbar takarda mai ɗauke da zane-zane da alƙaluma. Kafin a watse, fostoci fiye da dubu 10 sun hau sun sauka. Kowace rabin yini take samu, da rana ta raba a cire ta a kafa wata. Zauren kamar kasuwa yake: kowa na tsaye a bakin rumfarsa, jama'a na wucewa suna leƙe, wanda hajarsa ta ja ido shi ake tsayawa a taya.

Al'adar ba ta daɗe ba. Tun ƙarni na 17, lokacin da aka kafa ƙungiyar Royal Society a Landan a 1660, abin da masana suka saba shi ne mutum ɗaya ya miƙe ya karanta takardarsa, saura su saurara. Wannan tsari ya yi aiki muddin masanan ba su fi cikin ɗaki ɗaya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai lissafi ya canza. Gwamnatoci suka shiga zuba kuɗi a bincike, musamman bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957 ta tayar wa Amurka hankali. A 1963 masanin tarihin kimiyya Derek de Solla Price ya nuna cewa yawan masana da rubuce-rubucensu na ninkawa kusan duk shekara 10 zuwa 15. Kwanakin taro kuwa ba su ƙaru ba. Masu shirya taruka suka yi ta datse lokacin jawabi har ya koma minti goma ko sha biyar, suka buɗe ɗakuna barkatai ana magana lokaci guda. Ɗalibin da ya kwashe shekara uku yana aiki kan iya samun kansa a jerin ranar ƙarshe da la'asar, yana yi wa kujeru bayani, manyan malamai sun riga sun kama hanyar filin jirgi.

Daga Turai mafita ta ɓullo. Masu bin diddigin tarihin lamarin kan ambaci taron tarayyar ƙungiyoyin masana sinadaran halitta na Turai da aka yi a Madrid a 1969 a matsayin ɗaya daga cikin manyan tarukan farko da aka ware wa masu bincike alluna a maimakon mumbari. A 1974 abin ya tsallaka teku, aka gwada shi a wani babban taro a Minneapolis, har Thomas Maugh ya rubuta rahoto a kai a mujallar Science a watan Yuni na shekarar. Ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ta bi sahu a taronta na Shikago a 1975. Abin da ya burge waɗanda suka fara gwadawa shi ne hirar. Mai jawabi yakan samu tambaya ɗaya ko biyu kafin shugaban zama ya katse shi. Mai fosta kuwa yana iya shafe rabin sa'a da mutum guda wanda ya san fannin ciki da bai, su yi gardama a kan awo ɗaya, su rabu da adireshin juna a aljihu.

Fostar wancan zamani aikin hannu ce. A buga bayani da tafireta, a kai wa mai hoto ya ƙara wa haruffan girma, a yanke da almakashi ko reza, a manna kowane yanki a kan kwali mai launi. Kanun kuwa da haruffan Letraset ake yin sa, waɗanda ake ɗora takardarsu a goga da bakin biro su manne ɗaya bayan ɗaya. Idan harafi ya karkace, sai a kankare a sake. Jadawali mai zane ne ke zana shi da tawada da rula, hotunan abin da aka gani a madubin likita kuma sai an wanke su a ɗakin duhu. Ranar taro mai bincike zai iso da tarin kwalaye goma ko sha biyu a jaka, da ƙananan ƙusoshi cike da aljihu, ya hau jera su yana ja da baya yana duban ko sun daidaita. Wahala ce, amma tana da wani alheri da ba a lura da shi ba a lokacin: kowace kalma da kuɗinta da guminta, don haka ba wanda ke sa wadda ba ta zama dole ba.

Manhajar da ta zo ta mamaye wannan aiki ba don shi aka ƙirƙire ta ba. A wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought a Kalifoniya, Robert Gaskins da Dennis Austin suka tsara wata manhaja da suka fara kira Presenter, daga baya ta koma PowerPoint. Ta fito a watan Afrilun 1987, a kan kwamfutar Macintosh kaɗai, baƙi da fari, kuma aikinta shi ne shirya shafukan leda masu shara-shara da 'yan kasuwa ke ɗorawa a kan majigi. Watanni kaɗan bayan haka Microsoft ya saye kamfanin a kan dala miliyan 14. Launi ya shigo a 1988, ta hau Windows a 1990, ta kuma shiga jerin manhajojin Office, wanda ya kai ta kusan kowane ofishi da ɗakin gwaji na jami'a.

Ɗaya rabin labarin na na'urar bugawa ne. A 1991 kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da DesignJet, firinta mai faɗi wadda aka yi domin injiniyoyi da masu zanen gine-gine, ba da jimawa ba mai launi ta biyo baya. Da irin waɗannan na'urori suka yawaita a jami'o'i, sai ɗalibai suka gano dabara: a buɗe PowerPoint, a ɗauki shafi ɗaya tak, a buɗa girmansa ya kai na allo, a zuba komai a kai. Akwai manhajojin zane na ƙwararru da suka fi dacewa, sai dai suna da tsada da wuyar koyo, ita kuwa wannan kowa na da ita kuma ya iya. Har yau alamar aro tana jikinta, domin shafinta ba ya wuce inci 56 a kowane gefe. Wanda aka ba allon da ya fi haka sai ya tsara a rabin girma ya ce a ninka wajen bugawa. A Amurka an fi amfani da inci 36 da 48. A Turai da Afirka da yawancin duniya kuwa ma'aunin A0 ne, milimita 841 da 1189, wato murabba'in mita ɗaya, ma'aunin da ya samo asali daga tsarin takarda da Jamus ta kafa a 1922.

Sauƙin ya zo da nasa ciwon. Tunda yanzu kalma ba ta cin ko kwabo, sai mutane suka koma kwafo muƙalarsu sukutum su zuba a kan shafin: gabatarwa, hanyoyin bincike, sakamako, tattaunawa, har da dogon jerin littattafan da aka duba, duk da ƙananan haruffa. A ƙara da bango mai launi biyu masu narkewa cikin juna, da tambarin jami'a da aka ciro daga intanet wanda ya yi kyau a fuskar kwamfuta amma ya fito dishi-dishi a takarda. Irin wannan fosta na nuna mai ita ya yi aiki tuƙuru, kuma an fahimci dalilinsa, domin ɗalibi na tsoron kada malami ya ce ya bar wani abu. Amma ta manta da wanda aka yi ta dominsa, mutumin da ke tafe da kofin shayi a hannu, ƙafafunsa sun gaji, ga alluna ɗari a gabansa.

Shawarwarin da gogaggu ke ba ɗalibai duk daga halin wannan mutum suka taso. Kanu ya faɗi abin da aka gano, ya kuma karantu daga nesa. Rubutun ciki kada ya gaza maki 24, wato sulusin inci, don a iya karanta shi daga taku biyu. Jadawali ya ɗauki wuri mafi girma, da sunan kowane layi a jikinsa. A guji haɗa ja da kore don bambance abubuwa, saboda a wasu al'ummomi kusan namiji ɗaya cikin 12 ba ya rarrabe su. A bar fili fari tsakanin sassa, ido ya samu hanyar bi.

A 2019 wani ɗalibin digiri na uku a fannin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Michigan, Mike Morrison, ya fito da bidiyo yana cewa a rushe tsarin gaba ɗaya. A nasa salon, tsakiyar fostar fili ne babba mai launi ɗaya, ɗauke da jimla guda cikin harshe mai sauƙi da ke bayyana babban sakamakon. Bayanin hanyoyi da ƙananan zane-zane suna gefe biyu, a ƙasa kuma ga lambar QR da mutum zai haska da waya ya samu cikakkiyar muƙala. Ita ma lambar aro ce: kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 don bibiyar kayan gyaran mota. Morrison ya raba samfurin kyauta, a cikin PowerPoint ɗin dai, kuma kafin shekarar ta ƙare ana ganin salon a manyan taruka.

Ba kowa ya karɓa ba, kuma masu suka suna da hujja. Masanin da hujjarsa hoto ce, kamar mai nazarin ƙwayoyin halitta, ba zai yarda a matse hotonsa a lungu a bar wa jimla ɗaya rabin takarda ba. Akwai kuma haɗarin a mai da sakamako mai sharuɗɗa ya zama shela. Duk da haka, ko waɗanda suka ƙi salon sun rage rubutu sun ƙara girman kanu, kuma wannan riba ce ta gaske.

Annobar korona ta gwada al'adar ta wata fuskar. A ƙarshen Fabrairun 2020 ƙungiyar masana kimiyyar fiziks ta Amurka ta soke babban taronta na Denver ana saura kwana biyu a fara, wasu mahalarta ma sun riga sun sauka a garin. Taruka suka koma intanet, fostoci suka zama fayiloli. Waɗanda a da kuɗin jirgi ko biza ke hanawa sun samu shiga, amma masu fosta da yawa sun zauna gaban kwamfuta suna jiran baƙon da bai zo ba, domin ba wanda ke faɗawa kan fayil bisa tsautsayi yadda ake cin karo da allo a zaure. Da aka sassauta dokoki, manyan tarukan suka sake kafa allunansu.

Ga mai bincike a Zariya, Kano, Sakkwato ko Yamai, fosta sau da yawa ita ce ƙofar farko ta shiga taron ƙasa da ƙasa, kuma wasiƙar karɓar ta ce yake haɗawa da takardar neman tallafi da ta biza. A PowerPoint yake tsara ta kamar kowa, amma wajen bugawa yawanci wurin masu buga banar siyasa da ta biki yake zuwa. Na'urorinsu an yi su ne don abin da za a kalla daga tsallaken titi, don haka ƙananan haruffa da siraran layukan jadawali kan fito da gefe a cinye. Waɗanda suka saba sukan mai da fayil ɗin PDF kafin su fita daga gida don kada haruffa su sauya a kwamfutar shago, su kuma roƙi a fara buga musu ɗan yanki a ainihin girmansa su duba. Masu tafiya nesa kuma da yawa sun koma bugawa a kan yadi, wanda ake ninkewa a sa cikin akwati tare da tufafi, a huta da dogon bututun kwali da wasu kamfanonin jirgi ke lissafawa a matsayin ƙarin kaya.